Takardar da Aka Danne

Zauna, Tasi'u, rufo mana ƙofar ofis ɗin. Tun ranar da aka kafe sunan abokinka a allo, aka ce shi za a tura ƙasar waje horon sanin makamar aiki, kai kuma a nan gida, nake lura da kai a aji. Ko gaisuwarsa da ƙyar kake amsawa. Kafin ka kai inda na ga ka dosa, bari in ba ka wani misali.

An yi wasu ɗalibai biyu masu karatun injiniya, ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Ɗaya shi ke zuwa na farko kullum. Ɗayan shi ke biye da shi, kuma shi ne shugaban aji, duk takardar da ta fito daga ofis ta hannunsa take bi. Da lokacin fita masana'antu ya yi, sai wani kamfanin Turai mai ƙera injuna ya ba jami'ar gurbi ɗaya tak. Aka rubuta wa na farkon, da sharaɗin ya sa hannu cikin mako biyu, in ba haka ba a ba mai bi masa. Shugaban aji ya karanta takardar, ransa ya yi baƙi ƙirin. Shekara uku yana taya mutumin nan murna a baki, ciki na ƙuna, yanzu kuma har jirgi zai hau ya bar shi? Ya ninke ta ya cusa a ƙasan jaka. Mako biyu suna cin abinci a kwano ɗaya, jakar na rataye a ƙusa bisa kansu. Da wa'adi ya wuce, ya lallaɓa ya mayar da ita cikin tarin takardun ofis, kowa ya ɗauka mantuwa aka yi. Gurbi ya faɗo masa. Abokin ne ma ya raka shi tasha, har ya ara masa rigar sanyi.

Can kuwa shugaban aji ya tarar da masana'anta tsaf, injuna na tafiyar da kansu. An ja wani layi ruwan ɗorawa a ƙasa, dokarsu ta hana ɗan horo tsallake shi. Wata shida gogan naka yana zaune bayan gilashi yana kwafar lambobi daga kwamfuta, ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Amma fa hotuna sun sha aike, kullum cikin farar hular kwano, an harɗe hannu kamar mai kamfanin.

Shi kuwa wanda aka danne wa takarda, wurare masu kyau duk sun cika, sai wata tsohuwar masana'antar casar shinkafa a bakin gari, inda inji ba ya kwana uku lafiya. Ya faɗa hannun wani tsohon makanike wanda bai yi boko ba, ga faɗa. Ran farko tsohon ya ce masa ya ajiye littafi ya tuɓe rigar gayu. Ya koya masa ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji yana aiki, ya kara ƙotar a kunne, ya saurara. Da fari ƙara kawai yake ji. Kafin wata uku yana bambanta kukan boris, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, in ya cinye, da na bel in ya saki. Ya dawo makaranta ya rame, baƙin mai ya kama ƙasan faratansa, 'yan aji na tsokanarsa da ɗan ɓuntun shinkafa. Shugaban aji ya fi kowa dariya.

Bayan sun gama karatu, kamfanin nan dai ya sayar da injuna da yawa a ƙasarmu, yana neman injiniya ɗaya da zai riƙa kula da su. Aka kira su duka biyun. Mai hotuna ya zo da takardar shaidar kamfanin a hammata, a ransa aiki ya gama zama nasa. Ba a ko dubi takardar ba. Aka kai su gaban wani inji yana aiki, aka ce su faɗi abin da ke damunsa. Mai hotuna ya zagaya yana neman kwamfutar da za ta gaya masa, babu. Abokin ya roƙi a ba shi sukundireba, ya kara kunne nan, ya kara can, ya ce boris na hagu ba zai ƙara mako guda ba. Aka buɗe, haka ne. Suka ɗauke shi, suka tura shi shekara biyu masana'antar nan ta Turai, wannan karon a ƙetaren layin.

Ranar da zai tashi, shugaban aji ya je mayar masa da rigar sanyinsa. Mutumin ya riƙe masa hannu da zuciya ɗaya ya ce, "Ka san kuwa, ɗan'uwa, Allah ne ya ɓatar da takardar nan. Da ta iso ni, ina zan haɗu da tsohon nan?"

Kada ka tambaye ni yadda aka yi na san ƙusar da aka rataye jakar, Tasi'u. Shekara ashirin da shida ke nan ina riƙe da alli, kuma har yau in na ji an ambaci sunansa a taron injiniyoyi, sai in tuna takardar nan. Da hannuna na gina shi. Tashi ka je ka taya abokinka haɗa kaya, gobe kuma ka tafi inda aka tura ka. Ba a banza Bahaushe ya ce ba, hassada ga mai rabo taki ce.