Waƙar Alhamis a Gidan Kanar

Kanar Munzir ba ya yarda a rufe tagogi idan Nadim zai yi waƙa. Da kansa yake tashi ya wangale su duka, har mai kallon titi, ya dawo ya zauna ya dubi agogo. Sai sojan da ke bakin ƙofa ya fice, sannan Kanar ya ce, "To Malam, bismilla."

Nadim Shahin ya daɗe a sahun baya na ƙungiyar mawaƙan birnin, cikin masu muryar tena, muryar nan ta maza mai hawa sama. Sai da furfura ta fara leƙowa aka soma fito da shi gaba ya rera shi kaɗai. Ko a lokacin ma wani ɗan jarida ya rubuta cewa muryarsa ƙarfi ne zalla babu zaƙi, ta fi dacewa da kiran jirgin ruwa. Maganar nan ta zauna masa a rai.

Ana cikin haka aka kama ƙanensa Ziyad, malamin lissafi, a layin gidan burodi da safe. Nadim ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye, kowa ya ce bai san zancen ba. Daga ƙarshe wani ya raɗa masa sunan Kanar Munzir, mai ofis a wani farin gida a tsakiyar unguwa, kusa da kantin magani, inda yara ke buga ƙwallo a ƙofa.

"Ƙanenka yana can sansanin hamada, ba a hannuna yake ba," in ji Kanar. "Amma ina da baki a wurin. An ce kai mawaƙi ne. Riƙa zuwa min ranar Alhamis bayan la'asar, mu gani."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar farko ya zaɓi wata waƙar Jamusanci mai sanyi. Bai yi nisa ba Kanar ya katse shi.

"Haba Malam, jariri ka zo sa wa barci? Ina muryar da ake ba mu labari? Sake ta!"

Ya sake ta. Gilashin kabad ya yi ta rawa, maƙwabta suka fito baranda suna tafi. Shi kuwa Kanar ko kansa bai ɗaga ba, jarida yake karantawa yana ɓarar 'ya'yan kabewa. Nadim ya raina mutumin ƙwarai, don a fili yake bai san waƙa ba. Duk da haka, ko da yake ya ji kunyar abin, can ƙasan zuciyarsa ya ji daɗi: yau ga wanda ke son muryarsa yadda Allah ya yi ta.

Abu ɗaya ke ɓata wa Kanar rai. Da Nadim ya tsaya jan numfashi tsakanin baiti da baiti, sai ya daki tebur. "Kada ka tsaya!"

Nadim ne da bakinsa ya kawo maganin matsalar. A ƙungiya, in ana so sauti ya ɗore, ba a jan numfashi tare. Wannan ya ja, na kusa da shi ya riƙe, mai sauraro ba zai taɓa jin giɓi ba. Ya roƙi abokansa uku daga sahun tena, suka biyo shi don tausayi. Ranar sauti bai yanke ba ko sau ɗaya. Kanar ya ajiye jarida ya yi dariya.

"Kai, ashe kana da kai!"

A birni kuwa aka sa masa suna mawaƙin Kanar. Shugaban ƙungiya ya karɓe waƙar da ya kamata ya rera shi kaɗai a bikin Ista ya ba wani yaro, bai ko dubi idonsa ba. Muryar ma ta fara dusashewa, don ba a yi maƙogwaro don irin wannan aikin ba. Mahaifiyarsu ta riƙa dafa masa ganye da zuma tana cewa, "Daure, ɗana. Saura kaɗan."

Da sanyi ya shigo, wata mota ta ajiye Ziyad a ƙofar gida. Ya rame ya zama ƙashi, haƙoran gaba babu, yatsu biyu sun karkace. Fatarsa ta yi fari fat. Uwar ta shafa fuskarsa tana kuka. "Wace irin hamada ce wannan da babu rana?" Ziyad ya gaida kowa, amma da Nadim ya rungume shi sai jikinsa ya sandare.

Ranar Juma'a aka yi girki, dangi suka cika falo. Bayan kofi uwar ta ce, "Tashi ka yi wa ƙanenka waƙa, Nadim. Ya san muryar da ta fito da shi."

Nadim ya miƙe, ƙirjinsa cike da farin ciki irin wanda ya manta da shi. Ya ja numfashi ya saki sautin farko.

Kofi ya tarwatse a ƙasa. Ziyad ya shige ƙarƙashin tebur ya dunƙule, ya kare kansa da hannuwa, fitsari na bin wandonsa. Nadim ya durƙusa yana kiran sunansa.

"Don Allah, Yaya, ba yau ba," in ji Ziyad, bai buɗe ido ba. "A ƙarƙashin ɗakin nan na Kanar muke. Ba sa fara mana azaba sai ka fara."