Kalmar Sirrin da Gwaggo Ta Ara

Ya ku masu karatu, Allah Ya tsare mana amanar da aka ɗora mana.

Asenaca ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a tsibirin Kadavu. Kalmomin sirri biyar take riƙe da su a ka, kuma duk bayan wata uku kwamfuta kan tilasta a sauya su. Ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Torika, ita ce akawun asibitin, kuma wannan sauyi ya daɗe yana wahalar da ita.

Wata Litinin Gwaggo ta gwada sabuwar kalmarta sau uku ba ta dace ba, kwamfuta ta kulle ta. Mai buɗewa yana can babban birni, Suva, kuma ba ya amsa waya da wuri.

"Ke 'yar nan, ara mini taki," in ji Gwaggo. "Wannan akwatin ya raina ni. Jiya ya san ni, yau ya ce bai taɓa ganina ba."

"Gwaggo, doka ta hana."

"Doka? Ni na yi miki wankan jego ranar da kika haihu, dokar tana ina a lokacin?"

A al'adar tsibirin, idan ƙanwar uba ta roƙi abu ba a ce mata a'a. Asenaca ta sunkuyar da kai, ta faɗa mata. Don kada ta manta, Gwaggo ta rubuta a takarda, ta manna a jikin kwamfutar.

Wani ya gani. Har yau ba a san ko wane ne ba. Ya shiga da sunan Asenaca, ya buɗe fayil ɗin wani magidanci mai jagorantar waƙa a coci, ya karanta ciwon da yake ɓoyewa. Kafin Lahadi, ana maganar a duk wurin da aka zauna shan kava, abin shan gargajiya da ake yi da saiwa. Mutumin ya daina fitowa.

Wata jami'ar bincike daga Suva ta iso a jirgin ruwan mako, ta juyo wa Asenaca da fuskar kwamfutar. "Ga sunanki, ga rana, ga lokaci. Wa kika ba kalmarki?"

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa. Asenaca ta dube ta. Ba a tona wa babba asiri a gaban baƙo.

"Ba ni da abin cewa, ranki ya daɗe."

Aka sallame ta, aka karɓe takardar izinin aikinta.

Bayan kwana uku Gwaggo ta zo da dattawa da saiwar kava don neman gafara, tana kuka. Asenaca ta karɓa, ta yafe. Amma ofishin Suva bai san da wannan zama ba. Yanzu Asenaca tana sayar da rogo a bakin tashar jirgi, mata masu ciki suna wucewa suna gaishe ta.

Jama'a, kalmar sirri amana ce, kuma wanda aka ba, shi za a tambaya. Girmama na gaba wajibi ne, amma bai halatta a ba da aron amanar mutane ba. Wanda ya manta tasa, a zauna da shi har a buɗe masa.