Bututan Bajamushe

"Narka su, Malam, dalma muke so," in ji mai rumfar, yana shurin bututan tsohon abin kiɗan coci da ya sayo a gwanjo. Wani Bajamushe ne ya ƙera su tun zamanin kakanni.

Maƙerin ya tsaga ɗaya, sai ya yi turus. Shi da ya yi furfura a Tudun Wada yana ɓoye aibin aikinsa da fenti, ga wani ya goge har ciki sumul, inda ido ba ya kaiwa.

"Kayan coci kake tausayi? Ko ka narka, ko ka bar mini rumfata!"

"Alhaji, mai wannan aikin ya fi ni tsoron Allah."

Ya kwara wa wutar ruwa, ya ɗauki hularsa.