Farar Hular Foman

A wurin ginin nan ba a gane mutum da fuska. Ƙurar siminti ta mai da kowa fari fat, ko uwar mutum ce ta zo sai ta yi tambaya. Da hular kwano ake ganewa: rawaya ta leburori, shuɗiya ta masu walda, fara kuwa guda ɗaya ce tal, ta foman, shugaban ma'aikata. Kuma ba mai yawo a ginin kai babu hula, ko da shi ya haifi mai ginin.

Da hantsi hawa na uku ya rufto.

Wani mai walda yana bakin ƙofa ƙarar ta watsar da shi ƙasa. Ya miƙe yana kiran ƙanensa Auta, wanda shi da kansa ya samo wa leburanci a nan, bayan ya rantse wa mahaifiyarsu ba abin da zai same shi. Can wani lebura ya fito a guje riƙe da hula rawaya. Ta tsage gida biyu, cikinta jini. A ƙeyarta an rubuta Auta da fenti, rubutun mai walda ne.

Sau uku ya gaya wa foman katakon da aka tokare benen da shi ya ruɓe. Sau uku foman ya ce ya ji da waldarsa. Wallahi ko hawaye mai walda bai yi ba, zuciya ce ta ɗebe shi.

Wuri ya hargitse. Leburori suka farfasa gilasan ofis, suka kifar da motar yashi, suka lakaɗa wa mai gadi dukan da bai san dalilinsa ba. Kowa na tambaya ina farar hula. Mai walda bai tambayi kowa ba. Ya zari guntun rodi ya zaga ta baya.

A ciki ƙura ta turnuƙe, da ƙyar mutum ke ganin tafinsa. A gindin matakala ya hango farar hular. Mai ita yana dafa bango yana jan ƙafa, hular ta zamo har kan hanci. Da ya ga shuɗiyar hula bai gudu ba. Ya miƙo hannu biyu ya nufo shi, baki na motsi, ƙura ta shaƙe muryar.

"Yanzu ka san roƙo?" in ji mai walda.

Bugu na farko ya karya hannuwan. Na biyu ya sauka a wuya. Na uku bai zama dole ba, amma ya ƙara. Mutumin ya faɗi rub da ciki bai sake motsi ba. Mai walda bai juya shi ba, ya tsani ganin fuskar nan.

Ya fito ya zauna kan bulo yana neman bakin da zai gaya wa tsohuwa autanta ya tafi. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Wani ne kai babu hula, faratansa duk sun ɓaɓɓalle, jini har gwiwar hannu. Da ya yi magana, muryar foman ce.

"Ƙanenka ya iso wurinka? Da ransa na tono shi. Hularsa ta fashe, sai na kifa masa tawa, na ce ya lallaɓa ya je ka gan shi."