Gurbin Ɗan Ruwaida

"Nan kanti ne, ba gidan reno ba! Ko ki bar yaron nan a gida, ko ki bar min aikina!" Hajiya Bintu ta daka wa Ruwaida tsawa a gaban masu sayen atamfa.

Ruwaida ta gyara goyonta ta fice daga Kasuwar Sabon Gari, zuciyarta na tafarfasa. Tun bara take neman gurbi a gidan renon da aka buɗe a unguwar Kwaciri don talakawa masu aiki, amma shiru kake ji. Can ta nufa kai tsaye.

"Sai an kore ni za ku karɓi ɗana?" ta tambayi Obiageli mai kula da yaran. "Ni ce Ruwaida Modu!"

Obiageli ta duba littafin sunaye. "Ai ɗanki yana ciki. Kullum direba ke kawo shi."

"Wane ɗan?"

Obiageli ta leƙa ɗaki ta yi kira. Wani yaro ɓul-ɓul ya fito da gudu, takalminsa na walƙiya. Ruwaida ta san shi sarai.

Autan Hajiya Bintu ne, wadda ta karɓi katin shaidar Ruwaida bara, wai za ta sa mata baki a gidan renon.