Kwamfutoci Biyar a Cikin Akwati Ɗaya

Kwamfuta ɗaya tak Malam Musaddiq ya tarar a makarantar sakandaren da aka turo shi a Batsari, ga ɗalibai sama da ɗari biyu da ake so ya koya wa yadda kwamfutoci ke magana da junansu. Malamin da ya gabace shi a allo yake zana musu abin, su kwafa, su haddace. Musaddiq, ɗan manomi daga Darini, ya ce shi kam sai yara sun taɓa da hannunsu.

Mako uku yana zama bayan an tashi. Ya sa wata manhaja mai raba ƙarfin kwamfuta kashi-kashi, kamar yadda ake yanka ɗakuna a gida ɗaya, kowane da ƙofarsa. A cikin akwatin kwamfutar nan ya gina kwamfutoci biyar, kowace da sunanta da adireshinta, ya haɗa su suna aika wa juna saƙo ba tare da waya ko ɗaya ba. Huɗu na koyon ɗalibai ne. Ta biyar kuwa ya mai da ita ma'ajiyar makin duk makarantar, har da na shekarun baya.

Ranar da ya nuna aikin, ya rubuta sallama a ta farko, nan take ta faɗo a ta uku. Shugaban makaranta, Malam Abubakar Siddiƙ, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Malam, ina ka ɓoye sauran huɗun?"

"Ranka ya daɗe, duk suna cikin wannan."

Ɗalibai suka ɗauki tafi. Kafin zango ya ƙare, 'yan aji shida sun iya haɗa biyu da kansu, su gano inda saƙo ya maƙale su gyara. A Darini mahaifinsa bai san mene ne abin ba, amma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa ɗansa ya mai da inji ɗaya biyar. Malamai har daga Safana suka riƙa zuwa gani.

Cikin masu zuwan akwai Malama Nana Hadiza, mai kula da jarrabawa a wata makaranta a Safana. Bayan doguwar gaisuwa ta duba komai, ta yaba ƙwarai, sannan ta ce, "Malam, ina kake ajiye kwafin makin yara?"

"Duk Juma'a nakan kwafe shi daga ta biyar zuwa ta huɗu."

"To ai ta huɗun ma a cikin akwatin take. Ka samu filash, 'yar ma'ajiyar nan ta sawa a aljihu, ka riƙa fitar da kwafin waje mana."

Ya yi murmushi ya ce zai yi. Bai yi ba. Ya ma shawo kan malamai suka daina cika rajistar takarda, aka jibge tsofaffin a sito, gara ta shiga aikinta. Da zafi ya shigo, akwatin ya fara wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, duk lokacin da aka kunna shi. Musaddiq ya ji sarai. Ya ce bari a gama zango tukuna.

Wata ranar Laraba da hantsi, saura kwana tara a rufe tura makin 'yan aji shida ga hukumar jarrabawa, ya danna makunni. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin. Ya ɗauki akwatin a mota har Katsina. Mai gyara ya buɗe, ya saurara, ya girgiza kai.

"Faifan ajiyar ya mutu, Malam. Babu abin da zai fita."

"Ko ta huɗun kaɗai?"

"Faifai ɗaya ne ai. Dukkansu a kansa suke zaune."

Makin shekara uku ya tafi. Malamai suka bazama, wannan ya tono tsofaffin takardun gwaji a gida, waccan ta bi ɗalibai suna kawo littattafansu. Suka haɗa abin da ya haɗu. Ranar da aka rufe, yara talatin da ɗaya ba su da cikakken maki, sai su jira wata shekara.

A taron iyaye shugaban makaranta ya so ya ce inji ne ya lalace. Musaddiq ya miƙe ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. An faɗa mini ban ji ba. Laifina ne."

Wani dattijo daga Yasore, Malam Jinjiri, ya tashi a hankali. "Ɗana, shekara uku 'yata Dije tana zuwa makarantar nan, ko damina ban taɓa tsare ta a gona ba. Jiya ta tambaye ni me ta yi aka cire sunanta. Na rasa abin da zan ce mata. Kai ka zo ka faɗa mata."

Ya je. Ya tsaya a zauren Malam Jinjiri ya faɗa mata, ita kuwa ba ta ɗago kai ba har ya fita. Gida talatin da ɗaya ya bi haka, ɗaya bayan ɗaya. Da aka sa sabon faifai ya sake gina kwamfutocinsa biyar, sun ma fi na da kyau, kuma bai ƙara barin Juma'a ta wuce ba tare da kwafi ya fita daga ɗakin ba.

Masu karatu, muna alfahari da 'ya'yanmu masu irin wannan basira, amma gwaninta ba ta rufe ɓarnar sakaci. Duk amanar da ke hannunka, ka ajiye kwafinta a wani wuri dabam, kuma idan aka ba ka shawara ka yi aiki da ita tun ranar.