Hutu Bakwai a Hanyar Bayan Dutse

Ba su yi minti ashirin da fara hawa ba Auta ta zauna daɓas a kan wani faffaɗan dutse, ta ce ƙafarta ta gaji. Tela ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya girgiza kai irin na uban da Allah ya haɗa da ragwayen 'ya'ya. Sannan ya zauna kusa da ita, wai don kada ta ji kunya.

Mu iyaye maza haka muke, ni ma ban cire kaina ba: da tumbi ya fito, sai labarin ƙarfin da muke da shi a da. Shi tela dalilinsa ya fi na kowa. Bara ya yanke jiki ya faɗi a shago, tsakanin keken ɗinki da teburin yanka, ya kwana tara a asibiti. Tun da ya dawo ake lallaɓa shi kamar ƙwai. An hana shi ɗaukar bokiti, an rage masa gishiri, yara kuma da ya shigo sai su rage murya. Wannan rage muryar ita ta fi ci masa rai. Shi ya sa ranar da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ya bugi ƙirji ya ce zai kai yaran ƙolin dutsen nan da kowa ke zuwa ɗaukar hoto, su ukun, ya dawo da su lafiya. Ya san in ya kasa, shi da bokiti sun rabu har abada.

Babbar hanyar hawa matakala ce a miƙe, ga cunkoson jama'a. Tela ya zaɓi ta baya, mai nisa, mai inuwa, wadda ba a cika bi ba. "Saboda yara," ya ce wa uwarsu. Shi ya zaɓe ta, ko da yake yatsan Yaya, babbar 'yarsa, ne ya fara sauka a kanta a taswira.

Hutu na biyu na ɗan tsakiya ne, wanda ake kira Injiniya saboda ya kwance duk rediyon gidan. Tsakuwa ta shiga masa takalmi, kuma cire ta ya ci minti goma. Na uku ƙishirwa ce ta kama Yaya. Kowa ya zaro gorar ruwansa daga jakar da ke bayan uban, ba wanda ya mayar. Da suka tashi tela ya ji kafaɗarsa sakayau, ya ce jini ne ya fara gudu.

"Ƙafar da ta shekara ashirin da biyar tana taka keke," ya ce, yana haki, "ba dutsen da zai ba ta tsoro."

A wata mararraba da ba allo, ya tsaya yana nazarin ƙasa kamar tsohon maharbi. Kafin ya gama nazari Injiniya ya bi wani ƙadangare ta hagu. Tela ya ce dama hagu zai ce.

Haka suka yi ta tafiya, wannan ya gaji, wancan igiyar takalminsa ta kwance, har hutu shida. Sai hanya ta miƙe tsaye, saura ƙiris. Nan wasa ya ƙare. Ƙirjinsa ya shiga bugu har cikin kunne, silin asibiti ya faɗo masa a rai. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Kalma biyu ce za ta cece shi, "mu huta", amma ya gwammace ya faɗi da ya furta ta a gaban 'ya'yansa. Yaya ta waiwayo, ta yi ɗan tari. Sai Auta ta fashe da kuka, ta zauna a gindin wata bishiya, ta ce ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba.

Ya yi mata ɗan faɗa da ragowar numfashinsa. Suka zauna minti goma sha biyar, yana gode wa Allah a ransa da ya ba shi malalatan yara.

A ƙoli iska ta buge su, gari ya koma mitsitsi a ƙasa. Yaran suka yi ta ihu da tsalle, suna jan rigarsa, ba mai rage murya. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, sai ya ɓoye shi da huɗuba.

"Sau bakwai kuka tsayar da ni. Da ni kaɗai ne, da tuni na sauka na buɗe shago."

Suka sunkuyar da kai. Ya yafe musu, ya ja su wajen wata tsohuwa mai sayar da ruwan sanyi a ƙarƙashin laima, ya ce a ba kowa, ai sun wahala. Tsohuwar ta dubi yaran, ta dube shi, fuskarta ta washe.

"Sannu da ƙoƙari, maigida. Ashe kai ne baban nasu." Ta sunkuyo wajen Auta. "To 'yar ƙarama, wuraren hutun sun ishe shi kuwa? Ai ranar da kuka hau da mamarku kuna zaɓar masa su, ke ko zama ba ki yi ba."